Samnu: Neman Madubin Mota A Tsohuwar Hanyar Ayari

Duk wanda ya bar Sabha ya kama hanyar Hun, in ya wuce Tamanhint da filin jirgin samanta, ba da jimawa ba zai hango dabinon Samnu. Ƙaramin gari ne a yankin Bawanis, maƙwabcinsa Zigan. To, amma ƙanƙantarsa ba ta hana shi tarihi ba. Zango ne a kan hanyar ayari wadda ta taso daga Tarabulus, ta bi Sokna da Murzuk da Bilma har Barno. Ta nan Bature Clapperton da abokan tafiyarsa suka gangara Murzuk a 1822, ya kuma isa Kano da Sakkwato a 1824. Ta nan kuma mutanenmu da yawa suka hauro arewa, waɗansu da fatauci, waɗansu da niyyar Makka, waɗansu kuwa a ɗaure.

Yau raƙumi ya sauka, Toyota ta hau. Land Cruiser da Hilux su ne amalen Fezzan, kuma da wuya ka ga wadda aka bari yadda kamfani ya ƙera ta. An ƙara mata sifirin, an sa tankin mai na biyu, an yi mata waldar ƙarafa a gefe don rataya jarkoki. Daga nan matsala ke tasowa. In kaya suka fi bodi faɗi, madubin da mota ta zo da shi ba ya nuna wa direba kome sai buhu da jarka. Dole a nemi mai dogon hannu.

Neman irin wannan madubi ya kai mu Samnu tare da wani ɗan'uwa direba. Mun zaga garin, mun sami mai faci, mun sami mai sayar da baƙin mai da bel, amma madubi sai aka ce mu koma Sabha. Ba mu yi asarar tafiya ba, don an shimfiɗa mana tabarma a inuwar dabino, an ba mu shayi mai kumfa. Wani dattijon makanike ya dubi ƙofar motar, ya ce mu kwance ƙafar tsohon madubin mu tafi da ita a hannu, gama ba a sayen takalmi da kwatance.

A Sabha iri uku muka tarar, kamar dai yadda mutum zai tarar a Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai na kamfani, mai kyau da tsada, sai dai hannunsa gajere ne. Akwai na hannu, wanda ake cirowa daga matattun motoci a wurin da Larabawa ke kira rabish. Sa'an nan akwai na kwaikwayo, ɗan Taiwan ko ɗan Sin, wanda a ido ba ka raba shi da na asali. A cikinsu ne aka fi samun mai dogon hannu, kuma ba dukansu ne na banza ba.

Ga abin da ya kamata mai saye ya duba. Na ɗaya, ramukan noti su dace da na ƙofa, don Land Cruiser ƙirar 70 tun 1984 ake yin ta, an kuwa sauya fasalin madubinta. Na biyu, a kama hannun a girgiza. In ya yi rawa a shago, a kan burji ba abin da zai nuna sai hazo. Na uku, a dubi robar baya. Mai ƙyalli marar kauri ranar Fezzan tana busar da ita ta tsage. Na huɗu, a lura da gilashin: mai ɗan tudu yana nuna fili da yawa, amma yana sa motar baya ta yi kamar tana nesa alhali ta matso. In mota mai madubin lantarki ce, a ƙirga wayoyin soket tun kafin a biya.

Wani zai ce duk wannan a kan madubi? Jama'a, wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Dirku da Gatrun ya san amsa. Fasinja a bisa kaya suke zama, kowa ya rungume sanda. In barci ya kwashi mutum ya faɗi, ko motar baya ta kafe a yashi, madubi ne kaɗai zai gaya wa direba. Ban da haka, baƙo mai fasasshen madubi ya ba mai shingen hanya dalilin tsayar da shi.

Saboda haka muna kira ga direbobinmu, kada a bari araha ta ja mutum ga abin da ba ya ado. A gwada madubi da kaya a ɗaure kafin a bar gari. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.