Kamfanin Cunard: Tsohon Suna, Sabon Ubangida

A ran 4 ga watan Yuli, 1840, wani jirgin ruwa mai tururi da ake kira Britannia ya tashi daga Libaful a Ingila, ya nufi Halifas da Boston ɗauke da wasiƙu da fasinjoji. Mai shi, Samuel Cunard, ya sami kwangilar kai wasiƙun gwamnatin Ingila ƙetaren Tekun Atlantika, daga nan kuwa kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya samo asali. A zamanin, abin da fasinja ke biɗa bai wuce biyu ba: ya isa lafiya, ya kuma isa a kan lokaci. Fiye da shekara ɗari kamfanin yana sayar da waɗannan abubuwa biyu, har ya kai ga ƙera manyan jiragen nan, Queen Mary a 1936 da Queen Elizabeth a 1940.

To, amma zamani riga ne. A 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigila tsakanin Turai da Amurka, tafiyar da jirgin ruwa ke yi cikin kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Attajirai da 'yan kasuwa suka koma sama, aka bar manyan jiragen ruwa suna ratsa teku da ɗakuna wayam. A 1967 aka sallami Queen Mary, a 1968 Queen Elizabeth ta bi ta. Wannan iskar ce ta taɓa mu a nan gida, sa'ad da jirgin Aureol, wanda ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila, ya daina aiki a 1974.

Da kiɗa ya sake, tilas rawa ta sake. A 1969 kamfanin ya fito da jirgin Queen Elizabeth 2, wanda aka fi sani da QE2, aka tsara shi yadda zai yi aiki biyu: da bazara ya ƙetare Atlantika, da hunturu ya kai masu hali yawon shaƙatawa ƙasashe masu ɗumi. Watau dai jirgi ya tashi daga abin hawa ya zama wurin hutawa. Wanda ya biya kuɗinsa don hutu kuwa ba ya haƙuri da abin da matafiyi ke haƙuri da shi, domin matafiyi idonsa na kan ranar sauka, shi kuwa mai hutu idonsa na kan gado da abinci da fara'ar ma'aikata.

A daidai wannan lokaci ne kamfanin ya shiga hannun baƙi. A 1971 Trafalgar House, kamfanin da ya fi ƙwarewa a harkar gine-gine da filaye, ya saye shi. Ba za a ce bai kashe kuɗi ba, domin tsakanin 1986 da 1987 an kai QE2 Jamus aka cire masa injin tururi aka sa na dizal. Sai dai a watan Disamba na 1994 aka yi gyaran gangar Abzinawa: jirgin ya tashi zuwa Niyok alhali gyaran da ake masa bai kammala ba, masu aikin famfo na ta fama a ciki, fasinjoji suka yi ƙorafi, jaridu suka yayata, kamfani ya biya diyya. A 1996 kamfanin Kvaerner na ƙasar Norwe ya saye Trafalgar House don sha'awar sashensa na injiniya, Cunard ya zo masa kamar gyara a kan awo. Bai daɗe ba ya sa shi a kasuwa.

Mai sayen da ya fito a 1998 shi ne Carnival na birnin Miyami a Amurka, wanda ya karɓi mafi yawan hannun jarin, sa'an nan ya cike sauran a 1999. Hankalin tsofaffin fasinjoji ya tashi, domin Carnival ya yi suna ne wajen yawon shaƙatawa mai rahusa, na kaɗe-kaɗe da caca. Suka zaci za a mai da gidan dattako dandali. Amma shugaban Carnival, Micky Arison, ya gane cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da ya saya suna ne da tarihi, ba tsofaffin ƙarafa ba. Saboda haka ya ba da umurni a ƙera Queen Mary 2, mai tsawon mita 345, mai ɗaukar fasinja wajen 2,600, wanda ya fara aiki a 2004.

Wanda ya dubi wannan jirgi zai ga inda aka riƙe al'ada da inda aka sake ta. An bar shayin la'asar da ma'aikata masu farar safar hannu ke rabawa, an bar zauren rawa, an bar daren ado da ake sa kwat. Har bambancin ajin nan na da bai mutu ba, domin farashin ɗakin mutum ke nuna zauren da zai ci abinci. Amma yawancin ɗakuna an yi musu baranda, abin da ɗakuna kaɗan ne suka samu a QE2, domin fasinjan yanzu yana son ya sha iskar teku daga ƙofar ɗakinsa. Tafiyar da ake yi cikin kwana biyar kuma an mai da ita bakwai, ga sauƙin mai, ga shi kuwa ba mai gaggawa.

Sai dai ba a cin riba babu hasara. QE2 a Sikotilan aka ƙera shi, Queen Mary 2 kuwa a Faransa, sauran ukun da suka biyo baya, watau Queen Victoria a 2007, Queen Elizabeth a 2010 da Queen Anne a 2024, duk a Italiya. A 2008 QE2 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Dubai, inda ya zama otal a 2018. A 2011 aka ɗauke rajistar jiragen daga Sawsamtan aka mai da ita Bamuda, dalilin da kamfani ya bayar kuwa shi ne a sami damar ɗaura aure a kan teku, abin da dokar Ingila ba ta yarda da shi ba. Wannan ya yi wa Turawan Ingila da yawa zafi.

Gaskiyar magana ita ce, ba don kuɗin Carnival ba, da wuya a sake ƙera jirgi irin Queen Mary 2. Amma ubangida ba ya ciyar da suna don tausayi. Muddin akwai masu biyan kuɗi don su ɗanɗani tafiya irin ta kakanninsu, za a ci gaba da raba shayi da farar safa. Ran da suka ƙare, al'adar za ta bi su. Abin da Samuel Cunard ya sayar a 1840 shi ne isa da wuri, magadansa kuwa jinkirin ne suke sayarwa, kuma har yanzu suna samun masu saye.