Kasuwar Alaba ta Ikko: Inda Ake Farautar Tsohuwar Amfilifaya Domin Garmaho

Wanda ya sauka birnin Ikko da niyyar zuwa Alaba, yamma zai fuskanta, ya kama hanyar Badagiri. Tun watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa na ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2, daga nan sai a shiga danfo. Za a wuce unguwar Festac, wadda aka gina saboda baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, a wuce filin baje koli, har a iso tashar da ake kira Volks, inda kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a 1975. A nan ake ratsewa a nufi Ojo. Sai dai baƙo ya kula da bakinsa, domin Alaba ba ɗaya ba ce. Akwai Alaba Suru kusa da Mile 2, akwai Alaba Rago wadda Hausawa suka yi wa suna da cinikin raguna, kuma ɗan kwandasta na ganin mutum da hula da doguwar riga zai ɗauka can ya nufa. Ta kayan lantarki ita ce Alaba International, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970.

Tun kafin ido ya ga kasuwar kunne ya ji ta. Kowane kanti da janaretonsa, kowane kanti da lasifikarsa a bakin ƙofa, wannan ya saki waƙar coci, wancan ya saki fuji, ba mai rage wa wani. Galibin masu kantunan 'yan ƙabilar Ibo ne, yaran kuma da ke tare mutum a hanya suna kiransa Alhaji tun bai je Makka ba, yawancinsu masu koyon kasuwanci ne, waɗanda za su yi wa ubangida hidima shekaru kafin ya sallame su da jari. Can ciki, bayan layukan sababbin talabijin da firji, ake tarar da rumfunan kayan hannu, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, mu kuma a Arewa mu ce 'yan Beljiyam. Rediyoyi da amfilifayoyi ne a jibge tun daga ƙasa har rufi, wasu da ƙurar ɗakin ajiyar wani tsoho na Jamus ko Ingila ba ta ma bar jikinsu ba.

Abin da ke kawo wasu mutane wannan lungu tsohon zance ne. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, gidaje da yawa sun sami sitiriyo, faya-fayan Shata da Ɗan Maraya Jos da Rex Lawson da Sunny Ade kuma suka cika kabad. Kaset ya zo ya ture faifai, CD ya ture kaset, wayar hannu ta ture su duka. Faya-fayan nan kuwa suna nan a adaka, sun fi injinan da aka saya dominsu tsawon rai. Yau ɗa ko jika ya gaji akwati guda na faifai, ya sami garmaho, watau na'urar da ke juya faifan, ya jona ta da lasifikar zamani, sai ya ji wata 'yar murya siririya kamar ta sauro. Ba faifan ne ya lalace ba.

Dalilin yana bayan akwatin amfilifaya, saboda haka mai saye mai wayo ba ya tsayawa kallon fuska, sai ya ce a juya masa ita. Abin da yake nema shi ne ramuka biyu da aka rubuta PHONO a kansu, da wani ɗan kusa na murɗawa a gefe da aka rubuta GND. Wutar da allurar garmaho ke fitarwa kaɗan ce ƙwarai, ba ta cika wuce milibolt 5 ba, alhali na'urar CD na fitar da wajen bolt 2. Bugu da ƙari, wajen yanka faifai da gangan ake rage sauti mai kauri a ƙara mai kaifi, domin waƙa ta sami wuri a kan faifan, bisa wani ma'auni da masu sana'ar a Amurka suka amince da shi a 1954. Sashen PHONO shi ke ƙara ƙarfin, ya kuma mai da sautin yadda yake. Kusan nan na GND kuwa, a nan ake ɗaura siririyar wayar garmaho, in ba haka ba gunji zai yi ta tashi a ƙarƙashin kowace waƙa. Kusan duk amfilifayar shekarun 1970 da 1980 na da wannan sashe. Manyan nan na kallon fim masu lasifika biyar, waɗanda suka cika kasuwa daga baya, da yawansu ba su da shi, ko da yake su ne yaran kanti suka fi son turawa baƙo. Ana iya sayen ɗan ƙaramin akwati dabam ya yi aikin, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin waya.

A nan bayan kuma akwai ɗan allon da ke faɗin irin wutar da na'ura ke ci, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan da suka fito Turai sun dace da ita. Na Amurka bolt 120 suke so, waɗanda aka ƙera don gidajen Japan kuwa 100. Wanda ya cusa irin waɗannan a soket ba tare da taransifomar rage wuta ba, hayaƙi zai sha kafin ya sha waƙa. Risibar Japan, watau amfilifayar da ke haɗe da rediyo, tana da wata illa kuma: tsofaffin zangonsu na FM daga 76 ne zuwa 90, tashoshinmu kuwa sun kai har 108, don haka mafi yawansu ba za ta kama su ba.

Sa'an nan sai maganar suna da ƙarfi, inda ciniki ke zafi. Pioneer, Sansui, Marantz, Kenwood, Technics, Yamaha, Akai: duk suna nan. Amma tun da faifai ya dawo da daraja a Turai da Amurka, har a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD, manyan samfuran nan masu farar fuska da shuɗin haske sun zama kayan masu tara kayan tarihi, kuma ɗan kasuwar Alaba na da waya a hannu, ya san abin da ake sayar da su a waje. Arha na wurin ƙannensu, da kuma baƙaƙen amfilifayoyin shekarun 1980 waɗanda ba su da kwarjini a ido. Wat 20 zuwa 40 a kowane ɓangare ya ishi falo. Shahararriyar NAD 3020 ta 1978 wat 20 ce kawai, har yau kuwa ana yabon ta. Sabon akwatin roba da aka manna wa takarda mai cewa wat 3,000, a ɗaga shi da hannu ɗaya a ji. Amfilifayar kirki nauyi gare ta, saboda taransifomar da ke cikinta.

Kaya iri biyu ne a kasuwar, gwadaɗɗe da wanda ba a gwada ba. Na biyun ya fi arha nesa, amma caca ce. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya kowace shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga jirgi. Waɗannan su ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa, yawancinsu samarin Arewa, masu fasa su don tagulla. Masu gyara kaɗai ya kamata su taɓa wanda ba a gwada ba.

Gwajin kansa yana son haƙuri, a wurin da ba a san shiru ba. Mai saye ya zo da faifansa da ya san muryarsa, ya nemi a jona garmaho ta PHONO, kada ya yarda a gwada masa da waya ta wani rami, domin wannan ba ya nuna komai game da sashen da ya zo nema. A kunna, a saurari ɗan ƙas ɗin da yawancinsu ke yi bayan 'yan daƙiƙai. A karkatar da sauti hagu, a karkatar dama, a tabbata ɓangarorin biyu ƙarfinsu ɗaya. Ƙarar ƙararas in an murɗa maɓalli yawanci datti ne, mai gyara zai wanke shi da feshi, kuma hujja ce ta neman ragi. Gunjin da ba ya tafiya ko an ɗaura wayar GND, ko ɓangare ɗaya da ke ɗaukewa bayan na'ura ta yi zafi, wannan ciwo ne na ciki. Shi ya sa ake barinta tana aiki minti 20 ko fiye, ana taɓa murfin, ana sansana. In mai kanti ya yarda a buɗe, a duba ko akwai kafasito da ya kumbura ko ya yi yoyo, ko alamar ƙuna. In an ga wani baƙin faranti da aka rubuta STK a kansa, a sani kamfanin Sanyo ya daɗe da daina yinsa, jabu kuma ya cika kasuwa.

In an yi taye, an yi albarka, har an kai ga sallamawa, saura rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin da aka yarda a dawo da ita in ta ƙi. Mai komawa Kano ko Jos ba zai iya dawowa cikin kwana 3 ba, don haka gara ya kwana Ikko ya sake kunna ta a masauki. Kafin ya fita kasuwa kuma ya biya layin masu sitabilaiza, ya sayi wadda za ta tsaya tsakanin amfilifayar da wutar gidansa, sa'an nan ya sa ɗan dako ya naɗe akwatin da kwali da tsumma, maɓallan su fuskanci sama, ya ce da yaron mota kada a ɗora buhu a kai.