Zaman Laraba a ƙarƙashin dogon yaro

Shekarar da ƴan mata suka riƙa faɗuwa cikin aji a nan Kore Mairuwa, aka ce iskoki ne. Malamin ruƙiyya ya zo, wasu iyaye kuma suka lallaɓa wurin ƴan bori da dare. Ban ƙaryata kowa ba. Ni dai na tara takwas daga cikinsu ranar Laraba da marece, na ce kowace ta faɗi abin da ke ranta.

Na ɓata zaman farko. Bakin malami ba ya jure shiru: yarinya na tsayawa sai in cike gurbin da nasiha. A zama na uku na kame bakina, sai ɗaya ta ce an karɓi sadakinta ba da saninta ba. Ta kusa da ita ta fashe da kuka, ashe ciwonsu ɗaya. Nan dabara ta ƙare mini. An koya mini nahawun Faransanci, ba a koya mini yadda ake rufe irin wannan zama ba, ko yadda ake hana asiri isa kasuwa, balle gane wadda ya kamata a kai wa likitan ƙwaƙwalwa a Yamai.

A shekarun 1960, a asibitin Fann na Dakar, likita Henri Collomb ya ari taron dandalin ƙauyen Wolof, pénc, ya zaunar da majinyata da danginsu da ma'aikata wuri ɗaya. Mu ma a Arewa muna da fada, muna da inuwa. Wanda aka hora ya ja zaman ne babu.

Yarinyar ba ta dawo ba bayan hutun damina.