Rufin Kwano da Takarda Mai Ƙyalli

A ƙasar mu ta kudancin Sakkwato, rufin kwano shi ne shaidar mutum ya fara samu. In ka bi titin da ya taso daga Sakkwato zuwa Jega, ka ratsa Jabo da Tambuwal, ko ka karkata ta wajen Kebbe, za ka ga kwano na ta walƙiya a inda a da soraye da ɗakunan ciyawa ne. Ba na ganin laifin kowa. Soro na son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada don giginya ta ragu, ciyawa kuwa gobara ɗaya ta ishe ta. To amma fa kwano ya zo mana da nasa harajin, kuma tsofaffi da jarirai da matan da ke wuni a gida su ke biyan sa.

A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato ya kan haura digiri 40. Kwanon da ke shan wannan rana kuwa ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. In ka dafa shi da azahar sai ka yarfe hannu. Da hunturu kuma labari ya juya: kwano ba ya riƙe ɗumi, rana na faɗuwa ya huce, kafin asuba ɗaki ya zama randa. Katangar ƙasa mai kauri ba haka ta ke ba. Sannu a hankali ta ke shan zafin rana, sai dare ya yi ta saki ɗumin. Kakannin mu ba su karanta kimiyya a aji ba, amma sun san abin da su ke yi.

Da damina ta kayar da soron mahaifiyar mu, ni da 'yan'uwa na mu ka haɗa kuɗi aka yi mata ɗakin bulo da kwano, don shi ne abin da maginan yanzu su ka iya. Bazara na kamawa Inna ta kwashe tabarmar ta ta koma gindin darbejiya. Na ce, "Inna, ga ɗaki sabo, me ya kawo ki nan?" Ta ce, "Wanga ai ba ɗaki ba na, tanderu na. Ku ka shiga da dare, mu ka wuni ciki." Ga ta da hawan jini, ga ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. Maganar ta tsaya mani a rai.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba. Wani ɗan ƙanen baban mu da ke karatu a Ingila ya ba ni labarin yadda su ke fama da nasu sanyin. A can akwai wani ƙarfe mai faɗi da ake kafawa a jikin bango, ruwan zafi na zagayawa a cikin sa daga tukunyar gas, shi ke ɗumama ɗaki. Radiyeta su ke ce masa, kamar dai na mota. Matsalar ita ce wani kaso na ɗumin bangon bayan sa ke shanyewa, ya fice waje a banza, musamman a tsofaffin gidaje. Sai mutane su manna takardar alminiyam mai ƙyalli a jikin kwali, su zura ta tsakanin ƙarfen da bango, ƙyallin na fuskantar ƙarfen, ɗumin ya dawo ɗaki. Ya ce dabarar tsohuwa ce, amma ta sake tashe a 2022 da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Ya kuma gaya mani gaskiya: ragin ba wani mai yawa ba ne, sai dai takardar ba ta cin wuta, ba ta cin mai.

Sai na ce a rai na, ashe su ɗumi su ke tarewa kada ya fita, mu kuwa zafi mu ke son tarewa kada ya shigo. Cuta biyu, magani ɗaya.

Abin ba siddabaru ba ne. Zafi ta hanya uku ya ke tafiya. Akwai na taɓawa, kamar yadda cokali ke ɗaukar zafi a kofin shayi. Akwai wanda iska ke ɗauka ta yi sama da shi. Akwai kuma na haskakawa, irin wanda ka ke ji a fuska in ka zauna nesa da wutar mai tsire. Wannan na ukun shi ne kwano ke zubo mana a ka, kuma shi ne alminiyam mai sheƙi ke mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na sa. 'Yan fim ɗin mu sun san haka ko da ba su faɗa da baki ba: allon nan mai ƙyalli da yaron kyamara ke riƙewa a lokeshin don ya jefa hasken rana a fuskar jaruma, aikin sa ke nan. Haka ma filas ɗin shayi. Leƙa cikin sa ka ga kamar madubi. Wani Bature ɗan Sikotilan, James Dewar, ya ƙirƙiro shi a 1892.

Na sayo nadin takardar a Sakkwato, irin mai kauri da masu gini ke shimfiɗawa a ƙarƙashin rufi. Kafintan mu ya juya ta, ya yi dariya, ya ce, "Malam, kaza za mu naɗewa ko ɗaki?" Amma ya yi aikin yadda ya kamata, kuma ga ƙa'idojin ga mai son gwadawa. Na farko, kada takardar ta manne da kwano. A bar tazarar iska kamar yatsa biyu zuwa uku, in ba haka ba zafin taɓawa zai ratsa ta kai tsaye. Na biyu, ƙura ita ce babbar abokiyar gabar ta, ga shi mu mutanen hazo ne, don haka in fuska ɗaya ce mai sheƙi, ta kalli ƙasa. Abin da ke mayar da zafi ba ya kuma fitar da shi sosai, saboda haka ta hakan ma ta na aiki. Na uku, a bar kafa a bakin rufi don iska mai zafi ta samu mafita. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, alminiyam na ɗaukar lantarki. A nisanta ta da duk wata waya. Daga nan aka buga silin a ƙasa.

Ɗakin bai zama na Gwamna mai iyakwandishan ba. Amma wannan zafin da ke dukan tsakar ka ya kau, Inna ta koma ƙailular ta a ciki. Da hunturu ya zo kuma ta daina neman kaskon garwashi da dare, wanda ya fi komai faranta mani rai, domin gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da iskar guba marar wari da ta sha kashe mutane su na barci.

Wanda bai da kuɗin takarda ma bai rasa hanya ba. A birnin Ahmadabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya hallaka mutane da dama, hukuma ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa, don fari na mayar da hasken rana. Farar ƙasa ba baƙuwar mu ba ce. Silin na zana ko na asabari ma ya fi babu, in an kiyaye wuta. A nan gida, Malam Mohammed Bah Abba ya ci kyautar Rolex a 2000 da tukunya biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakanin su, kayan miya su ka daina saurin ruɓewa. Dabara ba sai ta yi tsada ba.

Kira na ga maginan mu da kafintocin mu shi ne su riƙa faɗa wa mai gida wannan tun kafin a ɗora kwano, lokacin da aikin ya fi sauƙi. Marubuta da 'yan fim kuma, da ku ke nuna mana falon Alhaji kullum, ku leƙa ɗakin tsohuwa da ƙarfe biyun rana, akwai labari a can. Mu kuma masu aiko kuɗin gini daga birni, mu tambayi wanda zai wuni a ɗakin kafin mu tambayi farashin bandir ɗin kwano. Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayen mu, amin.