Daga Mafara Zuwa Makka: Da Aka Cire Dokar Killacewa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san Talata Mafara, garin da kasuwarsa ta ranar Talata ta ba shi suna. Kusa da shi akwai Bakura da Maradun, inda ruwan madatsar Bakolori ke shayar da gonakin shinkafa da albasa da tumatir. Mutanen wannan yanki matafiya ne tun asali. Ɗan kasuwa kan bi ta Sakkwato da Illela ya shiga Birnin Konni a Nijar, manomi kuwa kan shekara da shekaru yana tara ribar noman rani don ya sauke farali.

A 2020 annobar korona ta tsayar da kowa. Najeriya ta rufe filayen jiragen sama ga masu fita waje a watan Maris, ba ta buɗe na Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Saudiyya ta hana baƙi zuwa aikin Hajji a 2020 da 2021, maniyyata suka zauna jiran tsammani.

Ko da aka buɗe hanya, da yawa sun noƙe. Wanda ya dawo daga waje sai ya killace kansa kwana 7, ya kuma biya kuɗin gwaji. Ga ɗan kasuwar Mafara, kwana 7 kasuwar Talata guda ce ta wuce shi. Ga manomin Bakura, mako ne na ban-ruwa ba tare da idon mai gona ba.

A Maris 2022 Saudiyya ta soke killace masu shigowa, sannan ta amince da alhazai miliyan 1, ta ba Najeriya kujeru 43,008. Sharaɗi shi ne mutum ya yi allurar rigakafi, ya yi gwaji kafin tashi, kuma shekarunsa su gaza 65. Duk da kuɗin kujera ya kai kusan Naira miliyan 2.5, jama'a sun yi rububi, har wasu suka rasa gurbi. Dattawan da suka fi kowa daɗewa suna tari kuwa, ƙa'idar shekaru ta bar su a gida, sai a 2023 aka ɗage ta.

Ashe sha'awar tafiya ba ta mutu ba, sharuɗɗa ne suka danne ta. Da aka musanya zaman ɗaki da katin rigakafi, mutane suka ɗauki jaka.

Sai dai yankinmu ya ga wata killacewar da ba ta cuta ba. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, a farkon Satumba aka katse layukan waya, a daidai lokacin da aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandare ta Kaya da ke Maradun. A wancan lokaci zuwa ƙauyen maƙwabta ya fi hawa jirgi ban tsoro.

'Yan'uwana ɗalibai, an ce tafiya mabuɗin ilimi. Ku riƙa adana katin rigakafinku kamar yadda kuke adana takardar sakamakon jarrabawa, domin wata rana a bakin iyaka za a tambaye ku shi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kuma kawo zaman lafiyar da za mu bi hanyar Mafara zuwa Maradun hankali kwance.