Naira Biyar a Kan Kwalbar Lemo

Mai karatu, duk lokacin da ka sayi lemon kwalba mai rabin lita, akwai naira 5 a cikin kuɗin da ka miƙa wadda rabon gwamnati ce. Dokar Kuɗi ta shekarar 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ƙarshen watan Disamba na wannan shekarar, ita ce ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo da sauran abubuwan sha masu zaƙi da kamfanoni ke yi, aka kuma fara karɓarsa a tsakiyar 2022. Hukumar Kwastam aka ɗora wa karɓarsa daga hannun kamfanoni. Su kuma kamfanonin sai su ɗora wa manyan dillalai, dillalai su ɗora wa masu kanti, har ya sauka a aljihunka ba tare da an rubuta maka shi a ko'ina ba.

Gwamnatocin duniya sukan ware wasu kayayyaki su ƙara musu haraji a kan wanda aka saba. Wasu kayan alatu ne, kamar motocin alfarma, kuma manufar harajinsu ita ce mai hali ya ba da ƙari. Wasu kuwa kaya ne masu cutar da jiki, wato taba da barasa da abin sha mai sukari. A nan manufar ita ce tsada ta sa mutane su rage, kuma abin da aka tara ya taimaka wajen ɗaukar nauyin cututtukan da kayan ke jawowa. Kashi na biyun ne ya shafe ni, domin aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma ta tagar ɗakin magani nake ganin inda lissafin yake ƙarewa.

Mai ciwon suga ba ya zuwa wurinmu sau ɗaya ya huta. Wata-wata yake dawowa, da takarda mai ɗauke da metformin, sau da yawa tare da glibenclamide, wani lokaci da allurar insulin wadda ke buƙatar wuri mai sanyi a garin da wuta ba ta tsayawa. Idan hawan jini ya haɗu da shi, sai amlodipine ko lisinopril su shigo cikin jerin. Ga kuɗin awon jini, ga kuɗin mota. Tambayar da na fi ji daga bakin magidanta da iyaye mata ita ce: "Likita, wanne ne ya fi muhimmanci, in fara saya?" Ba ni da amsa mai daɗi, domin kowane ɗaya da aikinsa. Wanda ya sayi rabi yau yakan dawo bayan shekaru da ƙafa mai gyambon da ya ƙi warkewa, ko ido da ya dushe, ko ƙoda da ke neman wanki. Wannan shi ne harajin da ya fi nauyi, kuma iyali ne ke biyansa, sau da yawa da sayar da gona ko dabba.

Bari mu auna abin da ke cikin kwalbar. Lemo irin na kola yana ɗauke da sukari kusan giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Ke nan a rabin lita akwai sama da giram 50, wato kimanin cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini. Ga baligi, wannan ya kama kimanin giram 50, kuma ta ce in an iya tsayawa a giram 25 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, tun kafin a zo ga shayi da koko. Kuma sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka ci, saboda haka mutum zai sha lemonsa ya kuma cinye tuwonsa. Suga ba daga lemo kaɗai yake zuwa ba, akwai gado, akwai ƙiba da rashin motsa jiki, amma abin sha mai zaƙi yana cikin ƙofofin da suka fi sauƙin rufewa.

Shin haraji yana sa mutane su rage? Yana sawa, in ya yi nauyin da za a ji shi. Meziko ta ɗora peso 1 a kan kowace lita a 2014, farashi ya tashi da kusan kashi 10 cikin 100, kuma saye ya ragu, musamman a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta bi wata hanya a 2018: lemon da sukarinsa ya kai giram 5 a mililita 100 ya biya harajin fam 0.18 a lita, wanda ya kai giram 8 ya biya 0.24, wanda bai kai giram 5 ba kuwa bai biya komai ba. Kamfanoni da dama sai suka rage sukarin da kansu tun kafin dokar ta fara aiki, don su kuɓuta daga biya. Afirka ta Kudu ma a 2018 ta ɗora nata a kan kowane giram da ya haura 4. Gana ta sanya kashi 20 cikin 100 a 2023, wanda ya yi daidai da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, cewa a ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 kafin a ga canji na sosai.

Idan ka ɗora namu a wannan ma'auni za ka ga raminsa. Naira 5 a kan kwalbar da ake sayarwa ɗaruruwan naira ba ta tsayar da hannun kowa, kuma hauhawar farashi ta ƙara shafe ta. Tun da da lita ake lissafinsa, kamfanin da ya rage sukari da wanda bai rage ba kuɗi ɗaya suke biya, don haka babu abin da ke tura su ga ragewa. Dokar kuma ba ta ware kuɗin don kiwon lafiya ba, cikin babban asusu suke shiga. Da za a ce wani kaso yana tafiya kai tsaye wajen rage farashin insulin da kayan awon suga, da ni ne na farko wajen yi wa majinyata bayaninsa.

Taba ma haka take. A 2018 aka ƙara wa kowane karan sigari harajin naira 1, aka riƙa ɗagawa a shekarun da suka biyo baya, amma har yanzu muna nesa da kashi 75 cikin 100 na farashi da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema. Dokar Hana Yaɗuwar Shan Taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, duk da haka ka san tebur nawa ne a unguwarku ake sayar da kara ɗaya. Matuƙar yaro zai iya sayen kara da canjin aike, tsadar kwali ba za ta tsorata shi ba.

Na san cikin masu karanta wannan akwai masu kanti da masu firjin sayar da lemo, waɗanda da ribarsa suke ciyar da gida. Kukansu na cewa haraji yana rage ciniki kuka ne na gaskiya, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai kuɗin da mutum bai sayi lemo da shi ba ba ya ɓacewa. Ruwa zai saya, ko gyaɗa, ko sabulu, sau da yawa a wannan kantin dai. Kuma mai kantin shi ma yana da uwa ko mata a layinmu.

Akwai kuma sukarin da babu dokar da ta taɓa shi, wanda muke zubawa da hannunmu: na zoɓo da kunun aya da fura, da cokali huɗu ko biyar da mai shayi ke antayawa a kofi ɗaya. Akwai lemon malt da ake haɗawa da madarar gwangwani a kai wa maras lafiya ko mai jego da sunan ƙarin jini. Wannan haɗin sukari ne mai yawa, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini, ko hanta da wake da zogale. A nan ku ne hukuma a gidajenku. Ku mayar da lemo abin ranar biki da zuwan baƙo, ruwa ya zama abin sha na kullum. Ku riƙa rage cokali ɗaya-ɗaya daga shayi da koko, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Ku duba jikin kwalba, ku ga giram nawa aka rubuta. Idan za ku gaida maras lafiya, lemon zaƙi na itace ko gwanda ya fi katan ɗin lemo. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai suga a danginsa, ya je a auna shi ko da yana jin ƙalau.

Gargaɗi ɗaya ga mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin: kada ka raba aljihunka da ɗan sukari ko alewa. Idan ka ji rawar jiki da gumi da jiri, alamar sugan jininka ya faɗi ne, kuma a wannan lokacin sukari shi ne maganinka. Ka sha nan take, sannan ka ci abinci, ka kuma sanar da likitanka.

Gwamnati za ta iya ƙara harajinta ko ta bar shi yadda yake, kuma ya dace mu riƙa tambayar wakilanmu inda kuɗin yake tafiya. Amma abin da za a zuba a kofin yaranku gobe da safe yana hannunku tun yau. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara mana lafiya.