Akori-kura da Iyakar Abin da Take Ja

Masu iya magana sun ce, daidai ruwa daidai tsaki. Kowane mai jaki ya san iyakar abin da jakinsa ke ɗauka, gama in an zarce sai ya durƙusa, ko an doke shi ba zai tashi ba. Mota kuwa ba ta da wannan wayo. In aka ɗaura wa akori-kura ƙaramar tirela a baya, aka lafta mata abin da ya fi ƙarfinta, za ta ja ba gardama. Sai an iso gangara, direba ya taka birki, sa'an nan ake gane ashe tsayawa ta fi ja wuya.

Saboda haka ne masu ƙera mota suke rubuta iyakar abin da za ta ja a cikin littafinta. Ga misali, Toyota Hilux ta zamanin nan, mai ƙarfin cikinsu, tana jan kilo 3,500, amma fa sai in tirelar tana da birkin kanta. In ba ta da shi, iyakarta kilo 750 tak, kuma nauyin ita tirelar yana cikin lissafin. Wannan tazara ta isa ta nuna wa mai hankali inda hatsarin yake.

Bayan nauyin da ake ja, akwai wanda ke danne bayan mota. Duk wanda ya taɓa kora amalanken shanu ya san wannan. In kaya suka taru baya, karkiya takan ɗaga, in suka taru gaba, takan danne wuyan shanu. Haka tirela take. Ana so kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan mahaɗi. A ce manomi ya yi lodi, tirela da kayanta suka kai kilo 2,000. To, lalle kilo 200 ko fiye suna kan bayan motarsa, watau kamar buhun masara biyu, kuma tilas ya rage su daga abin da zai zuba a cikin motar. In gaban tirela ya yi sauƙi, da an fara gudu sai ta shiga lilo dama da hagu har ta kayar da mota. In ya yi nauyi ainun, sai gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Dabara ita ce a sa kashi 60 na kaya gaba da tayoyin tirela, a ɗaure su tam.

Shi mahaɗin kuma iri-iri ne. Wanda aka fi gani shi ne dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo, wanda ƙoƙon tirela ke kifewa a kansa. Na ƙasashen Turai faɗinsa milimita 50 ne, na Amurka kuwa girma uku gare shi, matsakaicinsu inci 2. Ido ba ya rarrabe su sosai, amma in ƙoƙo ya fi ƙwallo girma, rami ɗaya ya isa ya fisge shi. Na biyu ƙugiya ce da zobe. Tana da ƙara da jijjiga, amma ta fi jure hanyar karkara mai kwazazzabai. Na uku ana kafa shi ne a tsakiyar bayan mota, daidai saman tayoyin baya. Mutanen Amurka suna kiransa wuyan dinya saboda lanƙwasarsa, da shi suke jan manyan tireloli na dawaki da shanu.

Ko wanne aka zaɓa, a jikin ƙashin mota ake ɗaure shi da kusoshi masu ƙarfi. Ɗan ƙarfen da mai walda ya liƙa a bamba ba abin dogara ba ne. Mota da mahaɗi da ƙwallo da tirela, kowanne da adadinsa a rubuce, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ake bi. In mota tana jan kilo 3,500, ƙwallo kuwa na 2,000 ne, to iyakar tafiya 2,000. Sa'an nan a ƙara sarƙa biyu, a gitta su ƙarƙashin mahaɗi, domin ko ya kuɓuce su tare bakin tirela kada ya soki ƙasa.

In duk da haka tirela ta fara lilo a hanya, kada direba ya danna birki da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai har gudu ya ragu, sa'an nan ya tsaya ya sake shirya kayansa.

Abin da ke sa mutum ya zarce iyaka shi ne son ya kwashe kaya a sawu ɗaya, ya tsimi mai. Amma kuɗin man sawu na biyu bai kai na gyaran giya ba, balle ran wani bawan Allah da ke tafe a gefen hanya. Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.